Injin jirgin da ke zafi in ya tsaya

Labarin wanga wata daga bakin ruwa ya fito, can wajen Gaya, inda kogin Kwara ke shirin barin ƙasarmu ya shiga Najeriya. Labarin wani mai jirgi ne da injinshi. Wanda ba shi da jirgi ma kada ya tsallake shi. Mai injin ban ruwa da mai injin niƙa za su samu nasu a ciki.

Mutumin manomin shinkafa ne, daga wani ƙauye kusa da Dole. Ya daɗe shina tura jirgin katako da gora. Ranar kasuwa tun asuba shi ke tashi, amma kafin ya iso Gaya masu inji sun sauke kaya har sun sha fura. Abin ya dame shi. Bayan kaka sai ya sai da shanun nomanshi biyu, ya ƙara da kuɗin shinkafa, wanshi ya ranta mashi sauran. Ya sayi inji na hannu mai ƙarfin doki 40, irin wanda a ke rataya ma jirgi a baya. Alkawarin da su ka yi da wanshi shi ne ya biya rabin bashin kafin ruwan farko, don wan ya samu na sayen taki.

Wata biyar inji na aiki ba ƙorafi. Lokacin ɗari ne, kogi cike. Ku sani kogin nan cika biyu gare shi. Akwai jan ruwa na damina, wanda ke zuwa da laka wajen watan Agusta da Satumba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga ƙasar Gine, ya ratso Mali, ya iso mana lokacin sanyi. Daga nan sai ruwa ya dinga ja da baya har watan Mayu da Yuni. Tsofaffi ba su manta da Yunin 1985 ba, lokacin da kogin ya daina gudu a Yamai. Ba kowace shekara ta ke kai haka ba, amma kowace bazara rairai na fitowa tsakiyar kogi, hanyar jirgi ta ƙuntata.

A bazarar ne ciwo ya fito. Ciwo ne mai ban mamaki. In jirgi na gudu, inji lafiya lau. In an zo gaɓa an tsaya jiran mutane, inji na ralanti, wato shina aiki a hankali ba a sa giya ba, sai ya kama zafi. Da farko wari a ke ji, kamar fenti na ƙuna. Daga baya murfin ya ƙi taɓuwa. Wata rana har tururi ya fito. Amma da an ba shi wuta an kama hanya, kafin a yi nisa ya huce.

Mai jirgi ya ce ma yaronshi: "Injin nan ba ya son zama, aiki shi ke so." Su ka yi dariya. Daga ranar, in ya ji wari sai ya ture jirgi daga gaɓa, ya yi kewaye ɗaya da gudu, ya dawo. Shina ganin ya samu magani. Alhali ɓoye ciwon kawai shi ke yi, kamar mai rufe gyambo da riga.

Masu shawara kuma ba su ƙaranta ba. Wata gwaggonshi ta ce baki ne, tun da ya sayi inji idon mutane ke kanshi. Wani mai gyaran babur ya ce mai ne bai isa ba cikin esansi. Ƙa'idar yawancin injunan nan ita ce kashi 1 na mai cikin kashi 50 na esansi, wato rabin litir cikin bidon mai litir 25. Mai jirgi ya ninka. Inji ya yi ta hayaƙi, buji ya toshe, zafi na nan inda shi ke. Mai gyaran babur ya sake dubawa, ya kwance wani ɗan ƙarfe daga kan inji, ya ce shi ke tare ruwa. Ya miƙa ma mai jirgi, ya karɓi kuɗin aikinshi. Mutumin ba mugu ba ne. Babur ya sani, kuma yawancin baburan da ke zuwa hannunshi iska ke sanyaya su. Bai saba da injin da ke shan kogi ba.

Na uku shi ne ya fi tada hankali. Ko murfi bai buɗe ba ya ce kan inji ya ƙone, gyaranshi sai an tafi birni, kuma kuɗin zai kusa rabin kuɗin injin. Ya ce in mai jirgi na so, shi zai taimake shi ya saye shi haka nan. Kuɗin da ya taya ko sa guda ba su saye.

Ana cikin haka ranar kasuwa ta zo. Jirgi cike da mata da buhunan shinkafa da kwandunan kifi, har da awaki biyu. Akwai wani wuri a hanya inda rairai ya tsuke kogi. Dole a bi shi a hankali, yaro a gaba shina gwada zurfi da gora. To, nan fa ba halin ba da wuta. Inji ya yi ta tafiya a hankali, wari ya tashi, tururi ya biyo, sai ya yi wata ƙara ya mutu. Ruwa ya juya jirgin a gicciye, ya kai shi ya jingina da rairai. Jirgi ya karkata. Mata su ka kama salati. Allah ya kiyaye, wurin ba zurfi, ba wanda ya rasa rai. Amma buhu huɗu sun jiƙe, kuma sai bayan azahar su ka iso Gaya da gora, kifi ya fara juyawa.

Wata dattijuwa, wadda ita ce ke jan sauran matan, ta ce mashi: "Mai jirgi, ba mu ƙi ka ba. Amma muna da ƴaƴa a gida." Kasuwa ta gaba duk su ka shiga jirgin wani. Da yamma kuma wanshi ya zo, bai yi faɗa ba, ya dai ce hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mai jirgi ya ce: "Na ji, Yaya." Daren nan bai yi barci ba. Ya kusa aika ma mai tayi ya zo ya ɗauka.

Wani Basarke, cikin masuntan da ke kwana bisa ruwa, shi ya hana shi. Ya ce kafin ya sayar ya kai ma wani tsohon makanike da ke aiki ƙarƙashin itace a bakin kogi, a Gaya. Ya ce tsohon ba ya da saurin hannu, amma ba ya kwance abin da bai yi laifi ba.

Da su ka kai inji, tsohon bai taɓa shi ba. Ya sa an shimfiɗa tabarma, ya fara tambaya.

"Ɗana, yaushe shi ke zafi?"

"In na tsaya, Baba. Ko in ina tafiya a hankali."

"In kana gudu fa?"

"Lafiya lau."

"Fitsarinshi fa, yaya shi ke in ka tsaya?"

Mai jirgi ya yi shiru. Bai taɓa lura ba.

Ga abin da a ke nufi. Injin jirgi ba shi da tankin ruwa irin na mota. Kogin da shi ke ciki shi ke sha. A ƙasan ƙafar inji, sama kaɗan da farfela, akwai ƴan ramuka masu raga. Ta nan ruwa ke shiga. Sama da su akwai ɗan pampo. Pampon ke tura ruwa cikin wani bututu, ya hau har kan inji, ya kewaye inda wuta ke ci, ya kwashi zafi, ya koma kogi. Masu ƙera inji sun bar wani ɗan rami a gefe, inda ruwa kaɗan ke tsartuwa waje don mai jirgi ya gani da idonshi cewa pampo na aiki. Shi ne mutanen bakin ruwa ke ce ma fitsarin inji. Mai jirgin da ba ya waiwaya ya dubi wannan tsartuwa kamar makiyayi ne da ba ya duban kashin dabbobinshi.

Tsohon ya sa yara su ka cika tano da ruwa, su ka rataya inji a baki, ƙafarshi ta nutse sosai har ruwa ya rufe inda pampo shi ke. Ya ce kada a kuskura a tada shi sai ruwa ya kai nan. Aka ja igiya, inji ya tashi. Fitsari ya fito ɗis, ɗis, kamar bakin buta da ya toshe. Tsohon ya ƙara wuta kaɗan, sai ga ruwa ya miƙe. Ya rage, ruwa ya koma ɗigo. Ya aza hannu bisa kan inji. Lafiyayyen inji a ralanti, mutum na iya barin hannunshi a kai ya ƙirga biyar. Wanga, kafin a jima, ya ƙi taɓuwa. Ya kashe shi.

Yaron mai jirgi ya ɗebo ruwa zai kwara a kai. Tsohon ya daka mashi tsawa. Ƙarfe mai zafi in ya gamu da ruwan sanyi farat ɗaya, shina iya tsagewa ko ya lanƙwashe. A bar shi ya huce da kanshi.

Sa'an nan ya ce: "Ruwa ba ya tsami banza. Za mu bi hanyar ruwan nan tun daga inda shi ke shiga. Kuma da abin da ba ya cin kuɗi za mu fara."

Ya fara da ramukan ƙasa. Leda, kainuwa, ganyen burgu, ko laka, kowane na iya rufe su. Leda ta fi mugunta, don in an kashe inji sai ta saki ta tafi abinta, a rasa mai laifi. Ya goge ragar, ya samu rairai kaɗan, ba wanda zai hana ruwa ba. Ya koma ramin fitsari, ya zura zaren fatsa mai kauri. Sau da yawa zanzaro ke gina ɗaki a nan in inji ya kwana biyu a rataye. Sai mutum ya ga ba ruwa, ya firgita, alhali pampo lafiya. A wanga injin ramin a buɗe shi ke. Ya tambayi yadda inji ke zama a bayan jirgi. In an rataya shi sama da yawa, ko an tara kaya a gaba har baya ya ɗaga, pampo na iya shan iska maimakon ruwa. Mai jirgi ya nuna mashi alamar da ruwa ya bari a ƙafar inji. Zaman daidai ne.

Ya kwance buji biyun ya duba. Baƙi ƙirin, sun jiƙe da mai. Tsohon ya yi murmushi, ya ce wanga aikin mai ne da aka ninka. Abin da shi ke nema shi ne ɗigon ruwa, ko buji ɗaya da ya yi fes kamar an wanke shi. Da ya ga haka, da ya san juwan na kan inji ya fashe, ruwa na shiga inda wuta ke ci. Bai gani ba. Mai jirgi ya yi ajiyar zuciya, don maganar mai tayi ta fara rushewa.

"Ina ƙarfen da aka cire maka?"

Mai jirgi ya fiddo shi daga aljihu, ƙunshe cikin tsumma. Sunanshi tarmosta. Ƴar ƙofa ce mai buɗe kanta da rufe kanta. In inji na da sanyi sai ta rufe, ta riƙe ruwa har ya ɗumama. In zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60 sai ta buɗe. In ta maƙale a rufe, lalle tana sa inji zafi, don haka zarginta ba wauta ba ne. Wautar ita ce yanke mata hukunci ba a gwada ta ba. Gwajin kuma ba wuya. Tsohon ya ɗaure ta da zare, ya saka cikin butar shayi bisa gawayi. Tun ruwa bai tafasa ba ta buɗe baki. Ya fiddo ta, ta huce, ta rufe. Ya ce: "Wagga ba ta yi laifi ba. Gidanta za ta koma." Injin da aka raba da ita shina aiki da sanyi fiye da kima, ya sha esansi da yawa, ya tara baƙi a ciki.

Saura pampo. Nan tsohon ya zauna sosai. Ya kwance sandar giya, ya kwance kusoshin da ke riƙe da gindin ƙafa, ya zare shi a hankali. Ga doguwar sandar ƙarfe da ke kai ƙarfin inji ga farfela. A jikinta, can ƙasa, ga gidan pampo kamar ɗan kofi a kife. Ya buɗe.

Abin da ke ciki roba ce baƙa, ba ta kai tafin hannu ba, mai fukafukai 6. Ko kuwa a ce da can 6 ne. Yanzu 4 su ka rage. Su ma sun lanƙwashe gefe guda, sun bushe, bakinsu ya cinye. Tsohon ya lanƙwasa ɗaya da yatsa, bai dawo ba. Ya miƙa ma mai jirgi ya ce: "Ga mayen da ya kama ka."

Ku lura da yadda robar nan ke aiki, don nan ne amsar ta ke. Ba a tsakiyar gidanta ta ke zaune ba, ta ɗan matsa gefe. Saboda haka in tana juyawa, fukafukan na buɗewa a gefe ɗaya su tsotso ruwa, su matse a ɗaya gefen su tura shi sama, kamar hannun mai tatsar nono. In inji na tafiya a hankali, duk aikin ya dogara ga ƙarfin robar, yadda ta ke manne ma bangon gidanta ba ta bar ruwa ya kuɓuce ba. In inji na gudu kuwa, saurin juyawa kaɗai na watsa ruwa sama, ga kuma gudun jirgi na tura ruwa cikin ramuka. Don haka tsohuwar roba na iya ɓoye aibinta wajen gudu, amma a ralanti asirinta ke tonuwa.

Tsohon ya ba da misalin da kowa ya gane. Ya ce guga ce mai huda. In ka ja ta da sauri, za ta iso bakin rijiya da rabin ruwa, ka ce guga na aiki. In ka ja ta a hankali, wofi za ta iso.

Shi ya sa ya fara da tambayar lokaci. Injin da ke zafi a tsaye ya huce a gudu, a fara zargin pampo. Wanda ke lafiya a tsaye ya yi zafi a gudu, a nemi abin da ya rage hanyar ruwa, ko raga, ko laka cikin kan inji, ko juwan. Wanda ke zafi ko yaushe kuma ba fitsari sam, a kashe shi nan take, a kama gora. Manyan injuna na da wata ƙofa ta biyu mai sakin ruwa in ya yi yawa. In rairai ya hana ta rufuwa, ita ma tana kawo zafi a ralanti, sai a duba ta.

Masu mota ma sun san irin wanga ciwo. Motar da ke tafasa a tasha ta huce a kan hanya, iskar gudu ce ke taimakonta, sai a dubi fanka da bel. Ƙananan injunan ban ruwa na lambu kuwa, yawancinsu iska ke sanyaya su. Nasu shi ne a share ƙura da ciyawa daga jikinsu, kuma kada a tada su ba a cika pampo da ruwa ba.

Mu koma ga robar. Mai jirgi ya yi murna, ya ce a sa sabuwa ya tafi. Tsohon ya ce a'a. "Fukafukai biyu sun ɓace. Ba su tashi sama ba, suna cikin injinka. In ba mu same su ba, gobe za su toshe maka hanya, ka ce ban iya aiki ba." Aka samu ɗaya a bakin bututu. Na biyun ya ba su wahala. Sai da su ka buɗe gidan tarmosta, su ka tura ruwa ta sama ya fito ta ƙasa, sau uku, kafin ya faɗo tare da rairai cike da cokali. Tsohon ya jera guntayen bisa tabarma, ya haɗa su da robar, ya ga sun cika 6. Sa'an nan ya yarda.

Ya kuma nuna mashi farantin ƙarfe da robar ke juyawa a kai, da cikin kofin. Rairai ya yi masu zane, har farce na kamawa. Sabuwar roba bisa tsohon faranti mai zane ba ta daɗewa, kuma ruwa zai dinga zurarewa ta cikin zanen. Dole a canja roba da faranti da kofi da juwan ɗinsu gaba ɗaya. Mai jirgi ya ɓata fuska. Amma da aka yi lissafi, duka da kuɗin aiki ba su kai kuɗin tunkiya ɗaya ba. An kawo roba iri biyu daga kanti. Tsohon ya murɗa su, ya ɗauki mai tsadar, ya ce mai arahar ba ta ganin kaka.

Wajen ɗaurawa ma akwai ƙa'ida. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar kabewa wanda ke kulle roba da sanda. In ya faɗi ba a lura ba, sanda za ta yi ta juyawa roba na tsaye. Tsohon ya shafa ma robar ruwan sabulu, ya dinga juya sanda yadda hannun agogo ke tafiya, shina danna kofin a hankali har fukafukan su ka kwanta gefe guda. Wajen maida ƙafa ya tabbata bututu ya shiga bakinshi daidai. Ya maida tarmosta. Ya sa aka zubar da esansin da aka cika ma mai cikin wani bidon, aka haɗa sabo bisa ƙa'ida, aka wanke buji.

Kafin a gwada, ya sake tambaya: "Ɗana, da safe yaya ka ke tada injin nan?"

Mai jirgi ya ce da dare shina ɗauke shi ya kai gida saboda ɓarayi. Da asuba sai ya jingina shi ga turmi, ya ja igiya ya ji ko zai tashi, ya bar shi ya ɗan ɗumama, sa'an nan a kai shi bakin ruwa. Tsohon ya riƙe baki. Ruwa shi ne man robar nan. In ta juya a bushe, ko minti ɗaya ba a cika ba ta fara ƙuna. Wata biyar ke nan kullum safe mai jirgi na gasa robarshi da hannunshi, don tsananin son da shi ke ma inji. Rairan bazara ya zo ya ƙarasa ta. Tsohon ya ce in ya zo wurin da ba zurfi ya ɗaga ƙafar inji ya kama gora, kada ya bar farfela na haƙar ƙasa. Ya ce kuma a ruwa mai rairai irin namu, kowace shekara a buɗe pampo a duba, kada a jira wari.

Aka maida inji cikin tano. Ja biyu ya tashi. Fitsari ya fito da ƙarfi, ya miƙe har ya jiƙa ƙafar yaro. Tsohon ya bar shi a ralanti, ya koma ya zuba shayi. Aka sha na farko, aka sha na biyu. Ya taso ya kama hannun mai jirgi ya aza bisa kan inji. Da ɗumi, amma hannu na zama. Ya sa shi ya tara hannu ga ruwan da ke tsartuwa. Ya ce ya riƙe wanga ɗumin a ranshi, ran da ya ji ya fi haka, ko ya ga ruwan ya rage, ya san abin yi.

Bai ɓoye mashi sauran gaskiya ba. Ya ja igiya a hankali, ya ce matsin inji ya ɗan ragu. Ranar da ya mutu a rairai, fistan ya kama bango, ya bar tabo. Zai yi aiki, amma ba zai koma kamar ran da aka saye shi ba, kuma wata rana sai an buɗe shi. Da a makon farko aka kawo shi, da roba kaɗai za a canja.

Kasuwa biyu mai jirgi na zuwa da buhuna kaɗai, ba mace ko ɗaya. Ya kan tsaya a gaɓa ya bar inji a ralanti da gangan, inda kowa ke gani. A kasuwa ta uku dattijuwar nan ta zo ta tsaya, ta daɗe tana kallon ruwan da ke tsartuwa. Ta ce: "Mai jirgi, an ce ka kai shi asibiti." Ya ce: "An kai shi, Inna." Ta juya ta yafuto sauran.

Rabin bashin bai samu ba kafin ruwan farko. Kashi ɗaya cikin uku ya kai ma wanshi, wan ya sayi taki buhu biyu maimakon uku, sauran aka ɗaga sai kaka. Tsohuwar robar tana rataye da zare a bayan jirgi, kusa da inda shi ke zama. Sabuwa guda kuma tana cikin gwangwanin madara, tare da zaren fatsa da buji biyu. Yaron ne aka ba aikin duban fitsarin inji duk lokacin da aka ja igiya, kuma sai ya ce "ya fito" kafin a kwance jirgi daga gaɓa.